A Ƙirga Mu Kafin a Tura Jirgi

Hirar nishaɗi ce ta ɓata mini rai a makon nan, kuma har yanzu ban huce ba. Wani dattijonmu ɗan kasuwar riɗi, haifaffen ƙasar Kirikasamma da ke zaune a Haɗejiya, ya dawo daga hutun mako guda a cikin irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa. Ɗansa da ke aiki a Dubai ne ya biya musu, shi da uwargidansa. Jirgin ya zaga da su Abu Dhabi da Doha da Maskat, ya dawo da su inda ya ɗauke su. Muka je yi masa barka da sauka bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka kawo dabino, Alhaji ya shiga ba da labari.

Daɗin dai ya faɗe shi bai rage komai ba. Ya ce sunansa jirgi, amma gari ne guda: benaye hawa-hawa, da kantuna, da asibiti, da wurin wasan yara. Abinci a jere tun asuba har tsakar dare, kowa ya ɗebi son ransa. Ka kwanta a wata ƙasa ka farka a wata, ba ka ɗaure kaya ba, ba ka bi layin filin jirgin sama ba. Hajiya, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa wuni ba ta hura wuta ba, ta samu mako cur ana gyara mata gado. Abin da ya fi ratsa shi fitowar rana ce a tsakiyar teku, inda babu tudu babu bishiya. Ya ce a nan ya ƙara sanin ƙanƙantar ɗan Adam. Kuma ba zuzutawa ya yi ba, girman jiragen ya kai haka. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami ta Amurka a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000.

Wahalar ma bai ɓoye ba. Ɗakinsu na ciki ne, babu taga, in ba ka duba agogo ba ba ka sanin dare ne ko rana. Daren da iska ta taso, hajijiya da tashin zuciya suka kwantar da Hajiya har ta ce a mayar da ita gida, alhali babu gaɓar da za a tsaya. Alƙibla ba ta zama wuri guda. Ka tayar da salla jirgi ya karkata, sai ka juya ka neme ta. Babu ladan, sai wayarsa. A wurin cin abinci sai ya tsaya ya tambayi wanne ne halal, don naman alade na nan cikin jerin, giya kuma ko'ina. Bakin wurin wanka sau ɗaya ya bi, bai ƙara ba. Ranar sauka aka miƙo masa takardar kuɗin da bai san da su ba: na intanet, na ruwan gora, da ladan ma'aikata da ake cira kowace rana. Su ma'aikatan, 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya, sun ba shi tausayi. Wata da watanni suna kan ruwa, iyali na nesa, ga fara'a dole.

Duk wannan na saurara ina gyaɗa kai. Inda hankalina ya tashi shi ne abin da ya kawo a matsayin ƙorafi.

"Malam, ka san abin da ya fi ba ni haushi? Jirgi bai ɗaga ba, ko zama ban yi ba, sai jiniya, gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Wai kowa ya tafi inda aka rubuta a katinsa, a nuna masa yadda ake ɗaura rigar ruwa, a nuna masa inda zai tsaya in an samu matsala. Na ce da yaron jirgin ni a bakin kogi aka haife ni, ya ƙyale ni. Ya ce ko jariri sai an ƙirga shi."

Na ce, "Alhaji, da ka ƙi zuwa fa?"

"Ai sunana za su yi ta kira a lasifika har in fito. Duk tashar da muka sauka sai an duba katin nan, in mun dawo a sake dubawa. Mutum ɗaya ya rage a waje, sun sani."

'Yan majalisa suka yi dariya, wani ya ce Turawa da tsoron mutuwa. Ni dariyar ba ta zo mini ba.

Domin a daidai wannan lokaci ruwa na hauhawa a fadamar Haɗejiya. Hanyoyin da babur ke bi da rani sun nutse. Mutumin Marma ko Madaci ko Turabu ko Baturiya da zai je gonarsa ta shinkafa, ko cin kasuwa, ko kai mai naƙuda asibiti, kwale-kwale ne abin hawansa, kuma ba don shaƙatawa zai hau ba. Ku je mashiga ranar kasuwa da yamma ku gani. Buhunan hatsi a ƙasa, babur a kwance a kansu, awaki a ɗaure, mata da goyo, yara a tsugune a gefe, bakin jirgi da ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. Wani yaro na kwarfe ruwan da ke tsatsowa da ƙwarya. Mai fito na duba rana yana cewa a matsa a ba mutum biyu wuri, don wannan ne sawun ƙarshe. Babu rigar ruwa ko ɗaya. Babu wanda ya rubuta sunan kowa. Ka tambayi mai jirgin mutum nawa ya ɗauka, sai dai ya lissafa kuɗin fiton da ya karɓa, yara kuwa ba sa biya, don haka ba sa cikin lissafi.

Mai cewa Turawa na tsoron mutuwa ya sani dokokin nan da gawarwaki aka saye su. A Afrilun 1912 Titanic ya nutse da mutum sama da 1,500, saboda jiragen ceto 20 kacal gare shi, waɗanda ba za su ɗauki ko kusa da duk mutanen ciki ba. Shekara biyu bayan nan, a 1914, ƙasashe suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin shaƙatawa Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya da mutum sama da 4,200 a ciki, 32 suka mutu. Aka gano ɗaruruwan fasinjan da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisaye ba. Aka gyara doka: atisaye kafin tashi ko da zarar an tashi. Matuƙin jirgin, Francesco Schettino, wanda ya bar jirgi fasinja na ciki, kotu ta ɗaure shi shekara 16. Jiniyar da ta hana Alhaji hutawa daga nan ta samo asali. Ko a Fabrairun 2020, da korona ta sa aka killace jirgin shaƙatawa Diamond Princess a Yokohama ta Japan, hutu ya koma kurkuku, an san mutum 3,711 ne a ciki, da sunan kowa da lambar ɗakinsa.

Mu fa? A Mayun 2021 jirgi ya kife a Kogin Neja kusa da Wara a jihar Kebbi, kwana da kwanaki kafofin labarai na saɓa wa juna a kan mutum nawa ya ɗauka. A 30 ga Nuwamban shekarar jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, nan Kano kusa da mu, da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, gomman yara suka tafi. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Kwara suna dawowa daga biki da daddare. Kowane lokaci maganar ɗaya ce: kimanin kaza, ana fargabar kaza. Masu ninƙaya na cikin ruwa ba su san ko sun gama tsamowa ba, sai an bi gida-gida ana tambayar wa bai dawo ba. Ana jajantawa, ana raba shinkafa da atamfa, a kafa kwamiti, ruwa ya janye, magana ta mutu. Su sun yi asara sun canza doka. Mu muna yin asara muna jiran ta gaba.

Masu bibiyar wannan fili sun san ba zan yi zancen ruwan Haɗejiya in tsallake ciyawar kacala ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin ya bar ɗabi'arsa ta cika da damina ya ƙafe da rani. Ruwa ya zama yana kwance shekara zagaye, kacala ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, rairayi ya taru, ruwan da ya kamata ya bi tsohon kogi da kogin Burum Gana ya karkata ya tattaru wajen Marma zuwa tafkin Nguru, wasu garuruwa na nutsewa wasu na ƙishirwa. Manomi ya rasa gona, masunci ya rasa wurin jefa koma, jan-baki ya samu wurin kwana yana tashi da safe ya sauka a kan shinkafa. Mai kwale-kwale kuwa sai ya bi ta ɗan siririn lungun da aka sare da lauje, inda jirage biyu ba sa giftawa, inda mutum in ya faɗa ciyawa ke riƙe masa ƙafa ko da gwanin iyo ne. An shigo da injinan yasa a 'yan shekarun nan, kuma inda suka bi an ga amfani. Amma kacala ba ta hutu, yasar da ake yi sau ɗaya a bari ba ta kai damina biyu.

Wani zai ce ajali in ya zo riga ba ta hana shi, ni ma na yi imani da haka, sai dai ban taɓa jin malamin da ya ce tawakkali ya halatta loda mutum arba'in a jirgin mutum ashirin ba. Wani zai ce talauci ne, to littafin rubutu da biro da gwangwanin fenti nawa suke?

Abin da ya ƙara hura mini wuta shi ne mafarkin buɗe ido da ake ta yi mana. Gaskiya ne muna da abin nunawa. Baturiya ta shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta ambaci dausayin Haɗejiya cikin sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10. Tsuntsaye na baro Turai su yi hunturu a nan. Tun 1989 Yarima Philip na Ingila ya zo har Dagona, can gefen Bade, don ganinsu. Ina son ranar da baƙo zai zo daga Legas ko Landan ya hau jirgi mai rumfa ya zaga Baturiya, yaranmu su samu aikin ja-gora, mata su sayar da busasshen kifi da tabarmi. Amma na rantse ranar da aka sayo jirgin baƙi, da rigunan ruwa zai zo, sababbi fil, ɗaya ga kowace kujera, kuma za a rubuta sunan kowane baƙo a ƙofa. Wannan ne ba zan iya haɗiyewa ba. Ran mai kyamara da ya zo kallon agwagwa bai fi ran matar da ta ɗauko tattasai za ta kasuwa ba. Hukumar da ta san darajar riga a jikin baƙo, ta bar ɗan gida ya hau ruwa haka nan, ta nuna mana matsayinmu a wurinta.

Dokar ma ba sabuwa za a ƙirƙiro ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta daɗe da hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da ƙima, ta wajabta rigar ruwa. Hedikwatarta na Lakwaja, mashigar Marma kuwa tana nan inda take. Saboda haka aikin na kusa ne: na ƙananan hukumomin Kirikasamma da Guri da Auyo da sauran masu bakin ruwa, na masarauta da hakimai da dagatai, na Sarakunan Ruwa da ƙungiyoyin masu fito, waɗanda su ne maganarsu ke da nauyi a gaɓa. A sa littafi a kowace babbar mashiga, mutum ɗaya ya zauna da shi, duk mai hawa a rubuta sunansa da garinsu, har goyo. A ja layin fenti a jikin kowane jirgi, in ruwa ya taɓa shi a sauke kaya, ko na wane ne. A ajiye riguna a hannun Sarkin Ruwa, a karɓa a wannan gaɓa a mayar a waccan, da ƙanana na yara. Bayan magariba kada a tura jirgi sai na mara lafiya, shi ma da fitila. Jirgin da katakonsa ya ruɓe a fitar da shi tudu, ƙaramar hukuma ta taimaka wa mai shi da gyara, don shi ma da shi yake ciyar da gida. Kuɗin duk wannan bai kai na motar shugaban ƙaramar hukuma guda ba.

Ku kuma 'yan'uwana masu hawa, laifin ba na mai fito kaɗai ba ne. Mu ne muke roƙonsa ya ƙara mu bayan ya ce ya cika. Mu ne muke tura yara goma biki da babba ɗaya. Kwana a gaɓa da sauro ya fi kwanan zaman makoki.

Masu girma shugabannin ƙananan hukumomi, ruwan bana ya riga ya iso, ambaliyar 2020 da ta 2022 kuma ba su yi nisan da za ku manta ba. Kada ku jira ku zo mana ta'aziyya da jerin motoci. Ku zo mashiga wannan makon da littafi da fenti da riguna. In kuka ƙi, jirgi ya kife, aka tambaye ku mutum nawa ne a ciki kuka ce kimanin kaza, alhakin waɗanda ba a ƙirga ba yana wuyanku, kuma wannan fili zai ambace ku da sunan kujerunku.