Sauya wa Lalle Tukunya

Wata 'yar makaranta daga Burkusuma ta rubuto mini, ta ce lallen da kakarta ta bar mata cikin tukunya ganyensa ya soma zuba, in ta ba shi ruwa sai ya zurare nan da nan, ga shi kuwa bikin yayarta yana tafe da kaka.

To, ɗiyata, ba ciwo ba ne, matsi ne. Saiwa ta cika tukunyar, ta nannaɗe kamar gammo. Ki dakata sai ruwa ya zauna, watau wajen watan Yuli. Wadda ta taɓa shi da zafin bazara tana iya kashe shi.

Ki samo tsohuwar randa, ki huda gindinta, ki ɗora tsingaro bisa hujin. Lakar fadama ita kaɗai takan riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, saboda haka ki gauraya ta da rairayi da takin awaki wanda ya shekara. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi.

Ki shayar da shi tun da dare. Kashegari da la'asar ki fasa tukunyar, kada ki fizgo shi ta wuya. Na sani Inna za ta yi faɗa, amma tukwane ga su nan jibge a kasuwar Sabon Birni. Ki warware saiwar da yatsa sannu sannu, sa'an nan ki dasa shi daidai zurfinsa na dā. Ya kwana bakwai a inuwa, nesa da bakin akuya. Kada ki tsinki ganye ko ɗaya sai ya yi sabon toho.