ASKIN KAREN GIDAN OGA: KAFIN A SA KILIFA, A TSAYA A YI TUNANI



Na san da ganin kan maganar nan wani zai ce, to shi kuma wannan duk matsalolin da ke damun mu a zango bai ga na magana ba sai askin kare? A yi haƙuri a saurare ni. Ni ɗan tireda ne, a shagon mahaifina na tashi a nan Legas, kuma da yawa daga masu zama a bencinmu da yamma masu gadi ne da direbobi da masu aikin gida a Ikoyi da Lekki. Gidajen nan kuwa da wuya ka shiga uku ba ka tarar da ɗan ƙaramin kare mai tulin gashi ba, kuma wankansa da kai shi wajen aski yakan faɗo kan ɗan uwanmu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka maganar ta shafi abincin mutane, ta kuma shafi haƙƙin dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Karen da nake nufi shi ne wanda ake kira Pomeraniyan, da 'yan uwansa masu irin gashinsa kamar wanda ake ce wa Eskimo a nan Legas. Sunan ya samo asali ne daga yankin Pomeraniya da ke tsakanin arewacin Jamus da Polan, a bakin tekun Baltik, ƙasar sanyi sosai. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta fito da shi duniya bayan ta samo wani ɗan ƙarami a Italiya a 1888, daga nan masu kiwo suka yi ta rage girmansa, har ya zama yau nauyinsa bai cika wuce kilo 3 ba.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne gashin karen nan hawa biyu ne. Akwai na ciki, gajere mai laushi kamar auduga, a cunkushe yake a jikin fata. Akwai kuma na waje, dogo mai ɗan kauri, wanda shi ne ke tare rana da ruwa da ƙura. Na cikin ne ke tallafe na wajen, shi ya sa za ka ga karen ya yi bul kamar ƙwallo.

To a nan ne ra'ayina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba: kada a yi wa irin wannan kare ƙwal-kwabo. A yi masa saisaye da almakashi, a bar masa gashinsa.

Dalili na farko shi ne gashin nan ba kamar na kanmu ba ne, da za ka aske yau bayan sati biyu ya dawo. Gashin waje na irin waɗannan karnuka yana tsirowa ne ya kai wani tsawo, sannan ya tsaya ya daɗe yana hutawa. In aka bi shi da kilifa har fata, na ciki ne ke rigan fitowa, sai ya cukurkuɗe ya danne na wajen. Likitocin dabbobi sun san wannan matsala, wato gashi ya ƙi dawowa bayan aski. Wani karen sai ya yi watanni da yawa, wani ya haura shekara, wani kuma ya dawo da gashi tsilli-tsilli, nan akwai can babu, launin ma ya canza. Bugu da ƙari, shi Pomeraniyan dama yana cikin karnukan da ke da wata larura ta zubewar gashi da baƙin fata, wadda a wasu sai bayan an aske su take bayyana. Askin minti 20 ke nan ya jawo abin da za a shekara ana kallo.

Dalili na biyu shi ne maganar zafi, wadda ita ce hujjar duk mai son a aske. Za ka ji an ce, haba, dubi yadda yake haki, ai tausayi ne a rage masa kaya. Niyyar mai kyau ce, amma kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Ta haki yake fitar da zafi, sai ɗan gumin da ke fita a tafin ƙafarsa. Saboda haka aske shi ba zai sa iska ta busar masa da gumi kamar yadda take yi mana ba. Abin da zai faru shi ne rana ta sami fatarsa kai tsaye, fata ce kuwa mai taushi da ba ta saba ganin rana ba, tana iya ƙonewa, ga sauro da ƙudaje sun sami hanya. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ciyawa a ƙauye ya san bunun da ke sama shi ke hana ranar shigowa, babu mai yaye rufin ɗaki don yana jin zafi.

Ba ina cewa tulin gashin ba ya riƙe zafi ba ne, yana riƙewa mana, musamman a gari mai laima kamar Legas. Amma wanda ke riƙe zafin shi ne mataccen gashin ciki da ya zube ya maƙale bai fita ba. Maganinsa mataji ne da burushi, sau biyu ko uku a sati, ana buɗa gashin layi-layi har a ga fata, musamman bayan kunne da hammata da cinya inda ya fi dunƙulewa. A wajen tajewar nan ne ma ake ganin kaska da ƙuma tun ba su yi yawa ba. In an yi masa wanka kuma a busar da shi sarai har ciki, domin gashin ciki in ya kwana da danshi shi ke kawo wari da gyambo. Sai inuwa, da ruwan sha a kusa, da fita da shi da sassafe ko bayan la'asar, domin kwalta da siminti da tsakar rana suna ƙona masa ƙafa.

Yanzu in an je wajen masu askin karnuka, za su nuna hotuna su ce a zaɓa. Ga yadda nake ganin su.

Akwai gyaran fuska kawai, wato a daidaita bakin gashin, a rage na tafin ƙafa don kada ya riƙa zamewa a tayil, a zagaye kunne, a share na ƙarƙashin wutsiya saboda tsabta. Wannan shi ne zaɓina na ɗaya, domin bai taɓa gashin ciki ba sam.

Akwai wanda ake kira tedi biya, inda ake rage jiki duka daidai wa daida, a zagaye kai kamar 'yar tsana. Wani kare mai suna Boo a Amurka ne ya sa duniya ta rikice a kansa, miliyoyin mutane suka bi shi a Facebook kafin ya mutu a Janairun 2019. Har yau hotonsa ake kai wa masu aski. In dole sai wannan, to a yi shi da almakashi, a bar tsawo yadda ba za a shiga cikin gashin ciki ba. Irin gajartar da ake gani a hotunan Boo tana cikin abin da ke jawo matsalar da na faɗa.

Akwai kuma askin zaki, a bar geza a wuya da tuntu a bakin wutsiya, a aske sauran jiki tas. Wannan kam ban ga amfaninsa ga karen ba ko kaɗan, burgewar baƙi ce kawai, kuma shi ya fi kowanne haɗari ga gashin.

Inda kilifa ke da hurumi shi ne in likitan dabbobi ya ce a aske, ko don tiyata, ko ciwo a fata, ko kuma gashin ya dunƙule ya zama kamar tabarma har yana jan fata, wanda tsefe shi azaba ce. A nan askin shi ne sauƙi.

Shawarata ga ɗan uwa mai aiki a irin gidajen nan ita ce, karen ba naka ba ne, kada ka yanke hukunci da kanka, kuma kada ka bari mai aski ya yanke maka. In madam ta ce a aske shi tas, ka gaya mata cikin ladabi, ranki ya daɗe, irin wannan gashin wani lokaci ba ya dawowa, ko za a tambayi likita tukuna? In ta nace, to ta faɗa wa mai askin da bakinta ta waya. Na san wani bawan Allah da aka zaftare wa albashi saboda mai aski ya yi wa kare ƙwal-kwabo ba da izini ba, shi kuwa aiken sa kawai aka yi. Haka nan 'yan uwanmu masu yawo da kilifa, in an kira ku askin irin wannan kare, kuɗin ba su kai rigimar da za ta biyo baya ba.

Na san da yawanmu ba ma sha'awar zama da kare a ɗaki, ni ma haka, kuma hukuncinsa na bar wa malamai. Amma duk mun ji labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da aka damƙa a hannunka amana ce, ko kana son ta ko ba ka so.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya tsare mana hanyar abincinmu, ya mai da mu gida lafiya. Wassalam.