Kuɓewa Tamu Ce, "O.K." Tasu Ce

Akwai wata magana da ta samu gindin zama a tsakaninmu, mu ɗalibai, musamman a muhawarorin ɗakunan kwana. Ana cewa wai duk wata kalma mai armashi da Amurkawa suke taƙama da ita daga Afirka aka ɗauko ta, har da "O.K." ɗin da ta game duniya. Maganar tana da daɗin ji, kuma mun san dalilin da ya sa ake son ta, domin mutanen da aka daɗe ana gaya musu ba su ba duniya komai ba, lalle za su yi marhabin da duk abin da zai ƙaryata haka. Amma daɗin magana ba ya mai da ita hujja, kuma jami'a wurin hujja ne.

Mu fara da "O.K." Wasu sun ce daga harshen Wolof na Senegal take, wasu kuma sun ce daga harshen Choctaw ne, watau ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka. To, wani malamin Jami'ar Columbia, Allen Walker Read, ya zauna ya bi tsofaffin jaridu ɗaya bayan ɗaya, ya buga sakamakon bincikensa a 1963 da 1964. Ya tarar da kalmar a wata jaridar birnin Boston ta ran 23 ga Maris, 1839. A lokacin masu rubutu a garin suna wani yayi na ɓata rubutun kalmomi da gangan, sa'an nan su taƙaita su don raha. Suka ɗauki "all correct", watau komai daidai, suka rubuta ta "oll korrect", suka yanko haruffan farko. Da ta mutu kamar sauran 'yan'uwanta, sai zaɓen 1840 ya zo, magoya bayan Shugaba Martin Van Buren, wanda ake yi wa laƙabi da "Old Kinderhook" saboda garin haihuwarsa, suka mai da haruffan nan biyu takensu. Van Buren ya sha ƙasa, kalmar kuwa ta rayu. Wannan labari yana da rana da wata da shekara. Mai cewa ta Wolof ce, sai ya kawo mana takardar da ta girmi wannan.

Wadda ta fi kusa da gida ita ce "bogus", abin jabu, wadda wasu suke cewa daga "boko" ta Hausa ta fito. Gaskiya ne tun kafin makarantar Bature muna da amaryar boko da biri-boko, kuma Paul Newman ya nuna a 2013 cewa "boko" kalmarmu ce ta asali, ba daga "book" ta zo ba. Amma kama da wane ba ta wane. Amurkawa sun fara amfani da "bogus" ne a zancen masu buga kuɗin jabu, kuma masu da'awar ba su nuna mana hanyar da kalmar ta bi daga bakin Bahaushe zuwa can ba. In muka yarda da kamannin sauti kaɗai, ba mu da bakin musa wa mai cewa "boko" daga "book" take.

Abin takaici shi ne, muna ta jayayya a kan abin da ba namu ba, alhali gadonmu na ainihi yana cikin tukunyarsu. Daga cikin 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi da aka loda a jiragen bayi, kusan 388,000 ne aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa. An raba su da iyaye da sunaye da addini, amma sunayen abinci sun tsira, domin su ne masu noma, su ne kuma masu girki a gidajen iyayengijinsu. Miyar da jihar Luwiziyana take alfahari da ita, "gumbo", ta samo sunanta daga "ngombo", sunan kuɓewa a harsunan Bantu na yankin Angola. Ita kanta "okra", kuɓewa a Turance, daga Afirka ta Yamma take, kuma duk wanda ya ji Ibo sun ce "okwuru" ba ya bukatar dogon bayani. Gyaɗa a kudancin Amurka "goober" ce, daga "nguba" ta mutanen Kwango. Riɗi kuwa a birnin Charleston, inda aka sauke bayi masu ɗimbin yawa, har yau "benne" ake ce masa, kamar yadda Wolof da Mandinka suke kiransa.

Wadda ta fi taɓa mana zuciya ita ce "yam". A kasuwar Amurka abin da ake sayarwa da wannan suna dankali ne mai jan ciki, ba doya ba. Mutum ne aka kai shi ƙasar da babu doya, ya ga wani saiwa mai kama da ita, ya kira shi da sunan abin da ya baro a gida, sunan kuma ya zauna har jikokin iyayengijinsa suka gaje shi.

Wanda ya buɗe wannan fage, Lorenzo Dow Turner, baƙar fata ne Ba'amurke. Ya shafe shekaru yana ɗaukar muryoyin mutanen Gullah a gaɓar Karolina ta Kudu da Jojiya, ya koyi harsunan Afirka don ya kwatanta, sa'an nan a 1949 ya fito da littafi mai ɗauke da kalmomi kusan 4,000, galibinsu sunayen mutane. A zamaninsa manyan masana suna cewa bauta ta shafe harsunan Afirka ƙaf daga bakin baƙaƙen Amurka. Da faifai da alƙalami ya rufe musu baki, kuma har yau a kan aikinsa masu binciken harshen Gullah suke ɗora nasu.