Injin goge fentin mota: kar ka fara da rotari

Tun da muka saki bidiyon wankin mota, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: wane inji zan saya in goge motata a gida? Ra'ayina shi ne ka sayi DA, ka bar wa masu sana'a rotari.

Goge fenti ba shafa mai ba ne, aski ne. Injin kankare saman fentin yake yi kaɗan-kaɗan har ya sauko daidai da zurfin ƙwarzanen. Shi kuwa shafin saman nan mara launi, wanda ke ba mota sheƙi, kaurinsa a yawancin motocin zamani wajen maikiron 40 zuwa 50 ne. Silin gashin kanka ma ya fi shi kauri. Shi ke tare wa launin rana, kuma in ka cinye shi, sai dai sabon feshi.

To, rotari juyi ɗaya yake yi a wuri ɗaya, kamar injin wasa ƙarfe, don haka zafi kan taru a inda ka ɗora shi. Ka ɗan daɗe a gefen ƙofa ko kan bamba ta roba, shi ke nan, ka ƙona. Makita 9237C inji ne mai kyau, ba na musu, amma a hannun wanda ya shekara yana riƙe shi. DA kuwa yana juyawa yana kuma kaɗawa a lokaci guda, zafin sai ya bazu. In ka danne shi da yawa, juyin ma tsayawa yake yi. Aibinsa jinkiri: mota ɗaya za ta iya cinye maka Asabar sukutum. Na yarda da wannan cinikin.

Kan faɗin kaɗawar ne ake ruɗa mutane. Akwai mai milimita 8, akwai 15, akwai 21. Mai 21 yana sauri a kan bonet da rufi, amma da ya zo lanƙwasa sai ya riƙa cijewa. Ɗan koyo mai mota ɗaya, 8 ko 9 ta ishe shi, da faifai mai inci 5. 'Yan Ingila ku duba DAS-6 Pro, 'yan Amurka kuma Griot's Garage G9. Rupes LHR15 daɗin riƙewa gare shi, bai cika girgiza hannu ba, sai dai kuɗinsa ya ninka nasu, kuma aikin nan ba na kowane wata ba ne.

Wancan mai hannu biyu kamar sitiyari, mai faɗin inci 10, da ake sayarwa da araha? Shafa kakin sheƙi kawai ya iya, ba ya cire ƙwarzane.

Ku kula da wuta. Injin Amurka na 120V ne, Ingila da Ghana da Najeriya kuwa 230V. In za ka aika wa ƙaninka a Kumasi ko Kano, karanta jikin injin tukuna. Mai batir kuma ya fi dacewa da wanda ke zaune a bene yana ajiye mota a bakin titi, amma lissafa har da batir na biyu.

Gaskiya, canjin da ya rage maka gara ya tafi kan soso. Soso ɗaya ba ya gama mota: yana cika da man gogewa da garin fenti, ya yi zafi, ya daina ci. Tanadi huɗu ko biyar. Fara da soso mai laushi da mai mara kaifi a ɗan fili guda, ka duba da tocila kafin ka ƙara ƙarfi, domin fentin Honda da Toyota yawanci ya fi na BMW da Mercedes laushi. 'Yan Jidda da Injamena, a inuwa za ku yi, bayan wanki sosai, don ƙwayar yashi ɗaya a soso za ta zane muku ƙofa gaba ɗaya. In da wurin sayar da ɓaraguzan motoci kusa da kai, sayo tsohon bonet ka fara gwada hannu a kansa.