Birkin da ke taka kansa, da amanar da ke wuyan direba

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen mota ya san irin tambayoyin da ake yi wa dillali. Ƙirar wace shekara ce? Tana shan mai? Kujerun fata ne? Idan dillali ya ce, "Alhaji, wannan fa har birki take takawa da kanta," sai mai saye ya yi murmushi, a ƙara kuɗi, a wuce wurin. Da wuya ka ji an tambaya ko birkin nan yana aiki, ko a wane hali yake aiki. A kan waɗannan na'urori masu taimaka wa direba mutanenmu sun kasu gida biyu. Wasu na ganin ado ne kawai da dabarar tsawwala farashi. Wasu kuma sun ɗauka motar ce ta zama direba. Duka ɓangarorin sun kauce hanya, sai dai kuskuren na biyun ya fi saurin kai mutum kushewa.

Mu fara ba na'urorin haƙƙinsu, domin amfaninsu abu ne da aka auna. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta kwatanta rahotannin 'yan sanda na motoci iri ɗaya, masu na'ura da marasa ita. Ta gano cewa birki mai taka kansa, idan aka haɗa shi da ƙarar gargaɗi, yana rage haɗarin dukan mota ta baya da kashi 50 cikin 100. 'Yar fitilar da ke kamawa a jikin madubin gefe idan akwai mota a inda idonka ba ya kaiwa ta rage haɗarin sauya hannu da kashi 14. Gargaɗin fita daga layi ya rage irin nasa haɗurran da kashi 11. Ka lura da ratar da ke tsakanin 50 da 11. Ba dukansu ne darajarsu ɗaya ba, ko da dillali ya jero su a numfashi guda.

Wadda ta fi ceton rai ma ba a cika ambatonta ba, saboda ba ta da ƙara, ba ta da hoto a allo. Ita ce na'urar daidaita mota, ESC. Aikinta shi ne ta riƙa kwatanta inda sitiyari ya nufa da inda motar take tafiya a zahiri. Da zarar gindin mota ya fara zamewa a kwana, sai ta matse birkin taya ɗaya tak ta dawo da ita kan hanya, abin da babu ƙafar ɗan Adam da za ta iya, tunda abin taka birki ɗaya ne ga tayoyi huɗu. Mercedes da Bosch ne suka fito da ita a 1995 a manyan motoci masu tsada. A 1997 wani ɗan jarida a Suwidin ya kifar da sabuwar ƙaramar Mercedes A-Class yayin gwajin kauce wa abu kwatsam. Kunya ta sa kamfanin ya dakatar da sayar da motar, ya gyara ta, ya saka mata na'urar, daga nan ta gangaro zuwa motocin talakawa. Binciken IIHS ya nuna tana rage kusan rabin munanan haɗurran da mota ke yi ita kaɗai, irin su wuntsilawa da faɗawa daji. Amurka ta wajabta ta daga motocin ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014.

Kamarar baya ita ma tana da tarihi mai sosa rai. A 2002, a jihar New York, wani likitan yara yana ja da baya a ƙofar gidansa ya taka ɗansa mai shekara biyu, bai gan shi ba. Ya shiga fafutuka tare da wasu iyaye har aka sa hannu a kan doka a 2008, kuma daga watan Mayu na 2018 kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka sai da kamarar baya. Wanda ya san gidajenmu ya san darajar wannan. Ana jin ƙarar buɗe get yara za su kwaso a guje suna "Baba oyoyo", mai rarrafe na biye da su, kansa bai kai tsayin bamba ba. Babu madubin da zai nuna maka shi. Saboda irin wannan amfani ne Turai ta wajabta birki mai taka kansa a duk sababbin motoci daga Yulin 2024, hukumar NHTSA ta Amurka kuma ta kafa nata wa'adin a 2029, tana hasashen ceton rai aƙalla 360 a shekara.

To ina matsalar take? Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Abin da na'urar gargaɗi ko birki mai taka kansa ke saya maka bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, wato 'yan mitocin da ke raba "Allah ya kiyaye" da "Allah ya jiƙansa". Tambayar da nake so kowane mai mota ya yi wa kansa ita ce, wannan daƙiƙar ta wane ce? A ganina ta yaron da ke tsallaka titi ce, ta ɗan acaɓan da ke gabanka, ta fasinjan da ya ba ka amanar ransa. Don su aka ƙera ta. Direban da ya ce tunda motarsa za ta tsaya da kanta bari ya duba saƙon WhatsApp, ya kashe abin da ba nasa ba. Kallon waya na daƙiƙa 3 a wancan gudu tafiyar mita 80 da ɗoriya ce ido rufe.

Wannan hali ba namu ba ne mu kaɗai. Tun a 1975 masanin tattalin arziki Sam Peltzman ya ja hankali cewa mutum idan ya ji an ƙara masa kariya, yakan ƙara ganganci. A shekarun 1980 aka ga haka ƙiri-ƙiri a birnin Munich na Jamus, inda aka bibiyi motocin tasi na wani kamfani, wasu da birkin ABS mai hana tayoyi kullewa, wasu babu. Masu ABS ba su fi sauran tsira daga haɗari ba, domin direbobinsu sun koma matse wa na gaba, suna shan kwana da ƙarfi, suna jinkirta taka birki. A Mayun 2016, a jihar Florida, wata Tesla da ke kan tsarin taimakon tuƙi na Autopilot ta shige ƙarƙashin farar tirela da ke gitta titi. Na'urar ba ta taka birki ba, direban ma bai taka ba, kuma nan take ya rasu. Masu bincike sun gano cewa cikin minti 37 da tsarin ya yi yana aiki, daƙiƙa 25 kacal aka ji hannunsa a sitiyari. A Disambar 2023 kamfanin ya yi wa motoci sama da miliyan 2 kiranye don ƙarfafa sa ido a kan direba.

Matsayin waɗannan na'urori matsayin yaron mota ne. Nagarinsa yana leƙa maka gefe, yana buga bodi idan za ka taka wani abu, yana tashinka idan gyangyaɗi ya ɗauke ka. Amma ba a miƙa masa sitiyari a kwanta, kuma idan aka yi ɓarna direba ake kamawa.

Sannan akwai iyakar da na'urar kanta take da ita. Binciken IIHS na 2022 ya nuna birkin da ke gane mai tafiya a ƙasa ya rage buge mutane da kashi 27, amma a titin da babu fitila cikin dare bai nuna wani bambanci ba. Yanzu ka auna da hanyoyinmu. Na'urar tsare layi farin fenti take bi, to titin da babu fenti fa? Kamarar da ke maƙale a bayan gilashin gaba tana buƙatar gani sarai, ga hazon hunturu, ga ƙurar da ke lulluɓe gilashi. Ga tirelar da ta lalace a tsakiyar hanya babu fitilar baya sai ganyen da aka zuba, ga garken shanu da magariba, ga mai adaidaita sahu da zai yanko ba sigina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma Afirka, mai kusan kashi 3 cikin 100 na motocin duniya, ita ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Inda aka fi buƙatar taimakon na'ura, a nan ne ta fi rauni.

Akwai kuma wani laifi da ba na direba ba. Mafi yawan motocin da ke shigo mana na hannu ne, wasunsu kuma an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka. Radar da birki mai taka kansa ke gani da ita tana zaune ne a bayan bamba ko bayan tambarin gaba, daidai inda ake dukan mota. Mai gyaran bodi zai miƙe ƙarfe, ya shafa fenti har kana ganin fuskarka, amma radar da ta karkace kaɗan tana kallon inda ba nan ba. Idan aka sauya gilashin gaba, kamara na buƙatar a sake saita ta da kwamfuta. Mafi muni, fitilar gargaɗi ta ABS ko ta jakar iska za ta kama a dashbod, maimakon a gyara abin da ya lalace, sai a cire ƙwan fitilar ko a liƙe shi da baƙin salatif. Mai saye ya biya kuɗin kariya, ya tafi da iyalinsa a kan kariyar da babu ita. Ɓoye aibin haja haramun ne ko da a buhun gero ne, balle a abin da rai ya rataya a kansa. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilun ABS da na jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kama ba sam, akwai magana.

Ko na'urar tana lafiya, sai an san yadda ake aiki da ita. Yawancin direbobinmu sun koyi tuƙi ne da dabarar taka birki a saki, a sake takawa. A mota mai ABS wannan dabara tana rage wa birki ƙarfi. Idan ka taka da gaske za ka ji abin takawar yana karkarwa a tafin ƙafarka, da wata ƙara kamar wani abu ya karye. Da yawa a nan suke tsorata su ɗaga ƙafa, alhali aikin kenan yake yi. Ka danne, kada ka saki, ka juya sitiyari ka kauce. Makarantun koyon tuƙi da shugabannin tasha su ne ya kamata su koyar da wannan. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda ta tilasta wa motocin haya saka na'urar ƙayyade gudu tun 2017, tana da hurumin matsa lamba a riƙa duba fitilun gargaɗi da lafiyar birki kafin a ce mota ta cancanci hawa titi.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma wanda kwanansa ya ƙare babu na'urar da za ta riƙe shi. Gaskiya ne, ajali na hannun Allah. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali yana kore riƙo da sababi ba. Ɗaura bel sababi ne, lafiyayyar taya sababi ce, birki mai taka kansa ma sababi ne, wanda Allah ya hore wa ya saya, ya kuma kula da gyaransa. Wanda bai da hali kada ya karaya, domin rage gudu, barin rata, isasshen barci da ajiye waya ba sa cin ko kwabo.

Shari'a ta ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, kuma malamai sun bayyana cewa direban da sakacinsa ya jawo asarar rai yana shiga wannan hukunci. Kamara ba ta azumi, rada ba ta biyan diyya, kamfanin da ya ƙera motar kuma ba zai zo zaman makoki ba. Kai ne za ka tsaya gaban iyayen yaron, kai ne kuma za a tambaya gobe. Ka sayi na'urar idan kana da iko, ka tabbatar tana aiki, sannan ka yi tuƙi kamar babu ita.