FILIN WASANNI: Ga Yashi A Katagum, Ina Masu Neman 'Yan Wasa?

Duk wanda ya bi ta garin Katagum da rani, lokacin da ruwan kogin Jama'are ya janye, zai ga yashi fari fat shimfiɗe, babu mai amfana da shi sai masu ɗiba don gini da yaran da ke buga tamaula ba takalmi. Mutane da yawa ba su san cewa wannan wasa na yara yana da gasar cin kofin duniya ba, balle su san Nijeriya ta taɓa yin suna a cikinsa.

Ƙwallon yashi dai mutum biyar-biyar ne ke yinsa. Ana raba lokacinsa kashi uku, kowane kashi minti 12, kuma ba a sa takalmi. Tsawon filin bai wuce mita 37 ba.

Ƙungiyar Nijeriya, watau Super Sand Eagles, ta fara da ƙafar dama. A 2006 ta zo ta biyu a gasar Afirka, a bayan Kamaru. A 2007 da 2009 kuwa ta ɗauko kofin a birnin Durban na Afirka ta Kudu. Sau shida tana zuwa gasar duniya: 2006, 2007, 2009, 2011, 2017 da 2019. Sau biyu tana shiga jerin ƙasashe takwas na ƙarshe. Masu bin wasanni ba za su manta da karawar 2011 a Italiya ba, inda sai da aka ƙara lokaci kafin Brazil ta samu kanta da ci 10 da 8.

To, amma tuna baya shi ne roƙo. Tun 2009 kofin Afirka bai sake kwana a ƙasar nan ba. Senegal ta doke Nijeriya a wasan ƙarshe a 2011, ta biyo ta har gida Ikko a 2016 ta ɗauke kofin, ta kuma maimaita a Masar a 2018. An yi gasar duniya a 2021 da 2024 da 2025 babu Nijeriya, alhali kuwa Mauritaniya, wadda galibin ƙasarta hamada ce, ta halarci ta 2025.

Babban abin da ya kamata a lura da shi shi ne, ƙungiyar ƙasa ba ta ɗorewa sai tana da saiwa a ƙananan garuruwa. An daɗe ana ɗaukar wannan wasa a kan na mutanen bakin teku ne kaɗai, wannan kuwa kuskure ne, gama yashi wasan ke bukata, ba teku ba. Kebbi da Kaduna sun riga sun nuna haka, domin sun kafa ƙungiyoyi masu karawa da na Kudu.

Saboda haka babu dalilin da zai sa ƙasar Katagum ta naɗe hannu. Azare, hedkwatar masarautar, cike take da makarantu da samari masu sha'awar ƙwallo. Fili ɗaya na yashi ba ya bukatar ciyawa ko ban ruwa. Abin da yake so shi ne a tankaɗe yashin a fitar da tsakuwa, a zuba shi da zurfi, a kafa raga biyu, a yi wasa da la'asar in rana ta yi sanyi. Idan ƙananan hukumomin Katagum, Zaki da Jama'are suka haɗa kai da hukumar wasanni ta Jihar Bauchi suka shirya gasa kowane rani, yaron da ba shi da kuɗin takalmi ma zai samu inda za a gan shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yashin yana nan, yaran ma suna nan. Saura masu shiryawa.