Bindiga a Kowane Gida? Ba da Yawunmu Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisu da gidajen rediyo, har ta fara leƙowa cikin tarurrukanmu na marubuta, wai tun da hukuma ta kasa tsare rayukan talakawa, to a sakar wa kowa mara ya nemi bindiga ya tsare kansa. Ba 'yan tasha ne suka ƙirƙiro ta ba. A 2018 Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa mutanensa su tashi su kare kansu. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi irin wannan kira. A watan Yuni na 2022 kuwa gwamnatin Zamfara, ƙarƙashin Bello Matawalle, ta wuce kira, ta ce za ta raba takardun neman lasisin bindiga 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. Mu dai ba mu yarda ba, kuma muna so mu faɗi dalili tun kafin maganar ta zama karatun da kowa ya haddace.

Kada wani ya ce ba mu san zafin abin ba. Mu malaman makaranta ne. Ɗalibai fiye da 300 aka kwashe a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, 'yan mata 279 aka kora daji daga Jangebe a watan Fabrairu na 2021, kuma tun daga nan duk wanda ya taɓa kwana a makarantar kwana yana tsaron ɗalibai ya san yadda ƙarar babur da tsakar dare take tsinka hanji. Manomin da aka hana shi gonarsa, aka sa wa ƙauyensu haraji, aka ɗauke matarsa, in ya ce a ba shi bindiga, ba mu da bakin ce masa mahaukaci. Rigimarmu da masu mulki ce, waɗanda suka karɓi amanar tsaro da kuɗin tsaro, sa'an nan suka juyo suna ce wa talaka ya je ya yi aikin da kansa. Ai wannan shi ne a ci kuɗin ɗinki a miƙo wa mai riga allura.

To, wace irin bindiga ma ake magana? Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na ɗaiɗaikun mutane, irin na harbin tsuntsu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma adaka, bindigar toka ta maharba, wadda ake ɗura wa alburushi ta baki. Gwamna ba shi da ikon ba da ko ɗaya daga biyun farko, shi ya sa babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ƙi amincewa da shirin Zamfara. Amma mu ɗauka an yarda. Mutum ya sayar da buhunan gero ya sayi harba-ka-ruga, ya tsaya gaban mutum hamsin a kan babura, kowanne da AK-47 mai cin harsashi 30 a ɗura ɗaya. Wa aka tsare? In kuwa aka ce to a ba shi irin tasu, mun san inda za ta kwana. Gidan da aka san akwai babbar bindiga shi za a fara fasawa, kuma talakan da yunwa ta matsa a watan Agusta, ga mai saye da kuɗi a hannu, ba sai an yi masa dogon lallashi ba.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne yadda ake magana kamar ba a taɓa gwadawa ba. An gwada. 'Yan sa-kai ba jiya suka fara ba a Zamfara. Da niyyar korar ɓarayin shanu suka tashi, amma da yake babu alƙali babu shaida, sai ya zama ana tare Bafulatani a kasuwa a kashe shi a kan zargi, 'yan uwansa su koma daji su sayar da shanu su sayi makami, su dawo su ƙone garin, su kuma mutanen gari su sake neman wani Bafulatanin. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019, ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar M. D. Abubakar, ya ƙirga mutum fiye da 6,000 da aka kashe daga 2011, da marayu 25,050. Ba mu ce duk jinin nan a wuyan 'yan sa-kai yake ba, Allah ya kiyashe mu da ƙazafi. Cewa muka yi an sa makami a hannun wanda ba shi da mai tuhumarsa, wutar kuwa ƙaruwa ta yi. Har gwamnatocin da suka yi wa jama'a kiran ɗaukar makami, su ne kuma suka sha haramta 'yan sa-kan.

Idan gardama ta yi zafi, 'yan bokon cikinmu sukan kawo Amurka, wai can tsarin mulki ne ya ba kowa haƙƙin riƙe bindiga, ga shi sun fi kowa ci gaba. Gaskiya ne, gyara na biyu na tsarin mulkinsu, tun 1791, ya tanadi haka. Sai dai a ƙarasa karatun. Cibiyar ƙididdigar ƙananan makamai ta Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a can, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Ba ɓarawo ne ya shigo ba, baƙin ciki ne ya sami makami a kusa. A makarantar firamare ta Sandy Hook an kashe yara 20 a 2012, a Uvalde an kashe 19 da malamansu biyu a 2022. Wannan fa a ƙasar da 'yan sanda ke zuwa in an kira su, kotu kuma ke zama. Mu da rikicin gado da na iyakar gona da na zaɓen kansila kan kai mu ga zare wuƙa, a ce an ƙara mana kunamar bindiga?

Me ya sa ba a kawo mana Ostireliya? Bayan wani ya kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnati ta haramta manyan bindigogi, ta sayi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Ko ba mu je nesa ba, a nan Agadas a shekara ta 2000 an tara makaman tawaye an cinna musu wuta a bainar jama'a.

Mun san za a ce, to malamai, ku da kuka hana, me kuka kawo? Mun kawo tambayar da masu kiran ba sa son a yi: ta ina bindigar ɗan ta'adda ke zuwa? Ba a daji take tsirowa ba. Kowa ya iya ɗora laifi a kan faɗuwar Gaddafi a 2011 da doguwar iyakarmu da Nijar, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a iya nuna inda suke ba, a ciki har da AK-47 guda 88,078. Ko da rabin wannan adadi kuskuren rubutu ne, sauran rabin ya isa ya hana mutum barci. Rumbu na yoyo ta ƙasa, ana ce mana mu ƙaro hatsi ta sama. A ƙirga kowace bindigar hukuma da lambarta da sunan mai riƙe da ita. A bi sawun harsashi, domin bindiga ba harsashi sanda ce, shi kuwa harsashi ƙarewa yake, dole a sake kai shi daji, kuma a mota ake kai shi, ta kan titin da ke da shingen bincike. In dole sai an ɗauki 'yan gari aikin tsaro, kamar yadda Katsina ta yi a 2023 Zamfara ta bi a 2024, to a yi da rajista da albashi da horo, da kotun da za ta hukunta wanda ya harbi marar laifi. Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ta riƙa gaya mana dillali nawa aka ɗaure, ba tulin bindiga nawa aka ɗauki hotonsu ba.

Saura mu, 'yan uwa marubuta, don mu ma ba mu fita ba. Littafi nawa muka rubuta inda jarumi ke warware kowace matsala da zare bindiga daga ƙugu, ya harbe mutum goma, ya busa hayaƙin bakinta, budurwa ta faɗo masa? Ba mu taɓa bin gawa ko ɗaya cikin goman nan zuwa gidansu ba. Ɗalibanmu suna karantawa, muna ƙwace littattafan a ƙarƙashin benci, muna ganin abin da suke zanawa a bayan littafin lissafi. Kwanan baya mun ba 'yan aji uku jigon insha'i a kan abin da suke so su zama. Wani yaro ɗan gudun hijira, mai kyan rubutun hannu, ya cika shafi biyu a kan irin bindigar da zai saya da sunan garin da zai fara zuwa da ita. Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a ciki. Takardar tana nan cikin aljihun teburinmu, har yau ba mu ba ta maki ba.